Bugu ko Kamu: Zaɓen Wasan Kare Kai Gwargwadon Nauyin Jiki

Akwai wata hujja da masu sha'awar wasannin kare kai suka saba fakewa da ita, musamman magidantan da suka haura shekara talatin kuma tumbi ya fara ɗaga riga, wato sai sun rage ƙiba tukuna sannan su nemi wurin horo. Galibinsu haka suke ta ɗagewa har sha'awar ta mutu, domin ƙibar da ake jira ta tafi ba ta tafiya da kanta, kuma irin juriyar da dambe ko judo ke buƙata a cikin damben ko judon ake samunta. Abin da ya dace mutum ya auna tun farko shi ne wasan da zai shiga da jikin da yake da shi a yau, saboda waɗannan wasanni ba su ɗauki nauyin jiki da ma'ana ɗaya ba. A wasannin bugu, irin su damben boksin da takwando da kareti, nauyi kaya ne da ƙafafu ke dakonsa daga farkon turmi har ƙarshensa. A wasannin kamu, irin su judo da kokawa, nauyi jari ne da ake ɗora wa abokin karawa. Daga wannan bambanci ne sauran bambance-bambancen suka samo asali.

Damben boksin shi ne ya fi sauƙin samu, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Da an ambace shi sai tunani ya tafi ga naushi a fuska da kumburarren ido, alhali kaso mafi yawa na horon ɗan dambe babu abokin karawa a cikinsa. Ana koyon tsayuwa da taku, ana naushin iska, ana dukan buhu, ana bin hannun koci da ke riƙe da matashin naushi, kuma duk wannan bisa agogo ake yin sa, minti uku na aiki da minti ɗaya na hutu, kamar yadda turmin gasa yake. Wannan tsari yana yi wa mai ƙiba daɗi ta fuska biyu. Ƙafafunsa suna ƙasa kusan kowane lokaci, don haka gwiwa da idon sawu ba sa shan wahalar da tsalle ke jawowa, sannan zafin aikin yana hannunsa: idan numfashi ya ƙare a minti na biyu, sai ya sassauta naushi ya ci gaba da taku har ƙararrawa ta kaɗa, ba tare da wani ya danne shi ko ya maka shi da ƙasa ba. Abin da kawai ya kamata ya jinkirta shi ne tsallen igiya da gudun safe a kan kwalta, waɗanda kocin dambe kan ɗora wa kowa ba tare da duba nauyinsa ba. Tafiya da sauri ta isa ta maye gurbinsu a watannin farko.

Akwai faɗa biyu da suka nuna iyakar abin da ƙiba ke bari da abin da take hanawa a wannan wasa. A watan Yunin 2019, a birnin New York, Andy Ruiz ya hau sikeli da kilo 121, tumbinsa a fili, ya kai Anthony Joshua, mai riƙe da kambun duniya na ajin masu nauyi a lokacin, ƙasa sau huɗu har alƙalin wasa ya tsayar da faɗan a turmi na bakwai. Wata shida bayan haka suka sake haɗuwa a Diriyya ta ƙasar Saudiyya. Ruiz ya dawo da ƙarin kilo bakwai, Joshua kuwa ya sauke kusan biyar, ya yi ta kewaye shi har turmi goma sha biyu yana jifansa da hannun gaba daga nesa, ya karɓe kambunsa da maki. Ƙiba ba ta rage wa Ruiz saurin hannu ba, domin tun yana yaro yake dambe, amma ta hana ƙafarsa cim ma wanda ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Duk wanda ya shiga boksin zai ji wannan a jikinsa tun kafin ya kara da kowa, kuma wannan jin shi ne babban amfanin wasan ga mai son ragewa: kowane kilo da ya sauka, a ƙafa ake fara ganin ladansa.

Takwando yana can ɗaya gefen. Wasa ne na Koriya da aka gina a kan shuri, kuma tsarin makinsa ya faɗi irin jikin da yake so. A dokokin da aka yi aiki da su a gasar Olamfik ta Paris a 2024, naushi a ƙirji maki ɗaya ne, shuri a jiki maki biyu, shuri a kai maki uku, idan kuma an juya kafin a kai shurin a kai sai ya zama biyar. Ma'ana, ɗan wasa zai shafe lokaci mai tsawo tsaye a kan ƙafa ɗaya yana murɗa gwiwa, yana tsalle yana dira. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2005 a kan masu ciwon gwiwa ya nuna cewa kowane kilo ɗaya na jiki yana ɗora wa gwiwa kimanin kilo huɗu a kowane taku, kuma wannan a tafiya ce kawai. Sai mai karatu ya ƙiyasta abin da gwiwar mutum mai kilo 110 za ta ɗauka idan ya juya a kanta ita kaɗai. Gaskiya ne akwai ajin masu nauyi a takwando, kuma a nan ne yankinmu ya yi suna: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a ta Rio a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Sai dai wanda ya kalli Alfaga zai ga cewa nauyinsa na tsawo ne, mutum ne da ya haura mita biyu, doguwar ƙafa ce makaminsa. Ga saurayi siriri mai dogayen ƙafafu babu wasan da ya kai takwando dacewa, ga mai teɓa kuwa shi ne mafi munin wurin farawa a cikin duk waɗanda za a ambata a nan.

Kareti, wanda ya fito daga tsibirin Okinawa kuma Gichin Funakoshi ya gabatar da shi a Tokyo a 1922, yana tsakiya. Babban sashe na karatunsa kata ne, wato jerin motsi da mutum ke yi shi kaɗai a tsanake, kuma wannan ya sa dattijo ma yana iya ci gaba da shi. Tsayuwarsa mai zurfi tana ƙarfafa cinya, shurinsa na farko bai wuce tsayin ciki ba. Rauninsa shi ne darasi guda yana iya ƙarewa ana gyaran tsayuwa ba a yi zufar kirki ba, don haka amfaninsa ga mai son rage nauyi ya dogara ƙwarai a kan malamin da aka samu.

Judo ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ne maganar nauyi ta fi sarƙaƙiya. Jigoro Kano ne ya kafa shi a Tokyo a 1882 (sunan nasa na Japananci ne, bai haɗa komai da birnin Dabo ba), kuma shi kansa ɗan ƙaramin mutum ne da ya gina wasan a kan aƙidar cewa wanda ya iya sarrafa ƙarfinsa da na abokin karawarsa zai kayar da wanda ya fi shi girma. Shekaru da yawa ana yin judo babu rabon nauyi. A gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, wadda ita ce ta farko da aka sa judo a ciki, an bar aji ɗaya a buɗe ga kowane nauyi, kuma shi ne ajin da Japanawa suka fi ƙwallafa rai a kansa. Sai wani ƙato ɗan ƙasar Holan mai suna Anton Geesink, mai tsawon kusan mita biyu, ya danne Akio Kaminaga a gaban mutanensa ya ɗauke zinaren. Abin da wannan rana ta tabbatar shi ne dabara tana rinjayar ƙarfi muddin mai ƙarfin bai iya ba, amma idan iyawa ta zo ɗaya to nauyi ne ke raba gardama. A yau maza suna da aji bakwai, daga kilo 60 zuwa sama da kilo 100, mata ma bakwai, daga kilo 48 zuwa sama da 78. Aji na ƙarshe ba shi da rufi, shi ya sa Teddy Riner na Faransa, mai nauyin wajen kilo 140, ya ci zinaren ajin a gasar Olamfik ta 2012 da 2016 da 2024.

Wannan labari ne mai daɗi ga mai jiki, kuma lallai a ɗakin judo ba zai ji kansa bare ba. Yana da wuyar ɗagawa, yana da wuyar turewa, idan kuma ya hau kan mutum a ƙasa to daƙiƙa ashirin ɗin da ake buƙata kafin a ba shi nasara ba za su yi masa nisa ba. Amma akwai farashi iri biyu. Na farko faɗuwa ce. Makonnin farko na judo a koyon faɗuwa suke tafiya, yadda za a mirgina, yadda za a buga hannu a katifa, yadda za a tsare kai, kuma nauyin da ke taimakon mutum yana tsaye shi ne ke sauka a kan kafaɗarsa da haƙarƙarinsa idan an jefa shi. Wanda ya fara yana ɗan shekara goma jikinsa ya saba, wanda ya fara yana da arba'in da kilo 115 kuwa sai ya yi haƙuri mai yawa, ya kuma tabbata katifar wurin ta gaske ce, ba kafet da aka shimfiɗa a kan siminti ba. Farashi na biyu ya fi ɓoyuwa, kuma a ganina ya fi muhimmanci ga wanda ya zo don lafiyarsa. Tun da nauyi yana ba shi nasara a kan ƙananan abokan horo, wasan ba ya matsa masa ya rage, har ma yakan saba da jingina a kan nauyin maimakon koyon dabarar. Judo zai ba shi ƙarfin damtse da na gadon baya, zai ba shi numfashin jure minti huɗu na ja-in-ja, amma yana iya shekara biyu yana yi ƙugunsa na nan yadda yake.

Jujitsun Birazil ɗan'uwan judo ne da ya koma ƙasa kacokan. Ya yi suna ne a 1993, lokacin da Royce Gracie, mai nauyin wajen kilo 80, ya lashe gasar UFC ta farko, wadda ke haɗa 'yan wasannin faɗa iri-iri, a birnin Denver na Amurka a gaban mutanen da suka fi shi girma. Ga mai ƙiba yana da sauƙi ta wajen gwiwa domin babu tsalle kuma jifa kaɗan ne, sai dai kwanciya a ƙarƙashin wani da tumbi a gaba tana toshe numfashi, kuma wuraren koyonsa ba su da yawa in an fita daga manyan birane.

Namu na gida ma sun rabu a kan wannan layi. Damben gargajiya bugu ne, kokawa kamu ce. A gidan dambe ba a saba hawa sikeli ba, ido ne ke haɗa sa'a da sa'a, kuma sau da yawa an ga siriri mai zafin hannu ya yi kisa a kan wanda ya fi shi cika. Duk da haka ba zan ba magidancin da ke neman lafiya shawarar ya sa zare ba. Dambe sana'a ce da ake tasowa a cikinta tun ƙuruciya, hannun da aka naɗe da zare ba shi da taushin safar boksin, kai ake nema, kuma babu wani matakin koyo da aka ware wa babba wanda zai yi wata shida bai sha bugu ba. Kokawa ta fi karɓar baƙo, domin a kan yashi ake faɗuwa. A Nijar, inda ake gasar kokawa ta ƙasa ta cin takobi tun 1975 da aka fara ta a Tawa, jihohi takwas ke kawo 'yan kokawa goma-goma, kuma ba a raba su da nauyi, shi ya sa manyan jiki suka fi kaiwa zagayen ƙarshe. Duk abin da aka faɗa game da judo ya hau kan kokawa: tana gina ƙarfi sosai, tana kuma saka wa mai nauyi da alheri a kan nauyinsa.

To, wanne ne ya fi ƙona kitse? Amsar ba za ta yi wa masu tallar wuraren horo daɗi ba, domin tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tazarar da ke tsakanin mai kula da cinsa da wanda ba ya kula ba. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) 7,700. A ɗauka darasi guda mai zafi ya ƙona 600, ana kuma zuwa sau uku a mako, to sai an haura mako huɗu kafin kilo ɗaya ya tafi, idan ci bai ƙaru ba. Kwalbar lemon kwalba mai rabin lita tana da kalori sama da 200, wato uku daga cikinta sun cinye wahalar darasi guda, kuma kowa ya san irin yunwar da ke biyo bayan horo da yadda malmalar tuwo ke ƙaruwa a daren. Abin da wasan ke bayarwa shi ne tsoka da numfashi da dalilin fitowa daga gida, su ne kuma ke sa gyaran ci ya ɗore. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako tare da aikin ƙarfafa tsoka na kwana biyu, kuma darasi uku haɗe da tafiyar ƙafa sun cika wannan. Saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ita ce wadda jiki ke ɗauka lafiya.

Akwai wata ɗabi'a da sabon shiga zai tarar a kusan duk wasan da ake rabon nauyi, kuma wajibi ne ya guje ta, wato matse ruwan jiki kafin awo. Ɗan wasa ya daina shan ruwa, ya sa rigar leda ya yi gudu a rana, ya yi ta tofar da yawu, don ya faɗa ajin da ke ƙasa da nauyinsa na gaskiya. Abin da ke sauka a sikeli ruwa ne, kitsen yana nan, kuma rasa kashi biyu cikin ɗari na nauyin jiki ta hanyar zufa ya isa ya rage kuzari. A ƙarshen 1997 'yan kokawar jami'a uku suka mutu a Amurka cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki suna wannan aiki, abin da ya tilasta sauya dokokin awo a can. A Disambar 2015 wani ɗan wasan ƙasar Sin mai shekara 21, Yang Jian Bing, ya rasu a Manila yana shirin hawa sikeli, kamfanin ONE Championship da ya shirya faɗan ya haramta wannan hanya bayan rasuwarsa. Judo da takwando sun ɗan toshe ƙofar ta hanyar sake auna wasu 'yan wasa da safiyar gasa, inda ba a yarda mutum ya haura iyakar ajinsa da fiye da kashi biyar cikin ɗari ba. A wurinmu haɗarin ya ninka, domin zafin bazara yana haura digiri 40, ga kuma yawan masu ɗauke da ƙwayar sikila, waɗanda wahala mai tsanani tare da ƙishirwa kan iya lalata musu tsoka har ta taɓa ƙoda. Kocin da ya hana ɗalibansa shan ruwa a lokacin horo da sunan koya musu juriya, barin wurinsa ya fi. A watan azumi kuwa horo mai nauyi sai bayan an sha ruwa.

Idan aka haɗa waɗannan duka, ga yadda nake ganin zaɓin. Mutumin da ƙibarsa ta yi yawa, wanda hawa bene ɗaya ke sa shi haki, ya fara da horon boksin ba tare da karawa ba, ko kareti a hannun malami mai sa zufa, ya ba kansa wata uku zuwa shida, bayan ya je an auna masa hawan jini da suga. Mai ƙirar ƙarfi, gajere ko matsakaici mai faɗin ƙirji da kaurin cinya, wanda ƙibarsa ba ta kai ta hana shi tsugunno da tashi ba, judo ko kokawa ne gidansa, da sharaɗin ya riƙa neman abokan horo masu nauyinsa don kada ya ruɗi kansa da kayar da yara. Siririn da ke son ya yi kauri ya sani cewa wasannin kamu sun fi saurin gina tsoka, domin kowane darasi ɗaga mutum ake yi, amma idan gasa yake hari kuma Allah ya ba shi tsawo, to siririn jikin nasa dukiya ce a takwando. Ga mata lissafin jikin ɗaya ne, kuma sutura ba ta zama shinge ba a kareti da takwando: Hedaya Malak ta Masar ta ci tagulla a takwando a gasar Olamfik ta Rio a 2016 da ta Tokyo a 2021, Feryal Abdelaziz ta ci zinare a kareti a gasar ta 2021, dukansu da kansu a rufe.

Kuɗi da wuri ma suna da ta cewa. Boksin yana buƙatar safar hannu da bandejin naɗe hannu da buhu, wanda ana iya cika shi da tsummoki a rataye a gida. Judo yana buƙatar riga mai kauri da katifa da abokin horo, babu ɗaya daga ciki da za a iya yi ba shi. Wurin da ke kusa da gida, wanda za a iya zuwa sau uku a mako ba fashi, ya fi wanda ya fi shi suna amma sai an hau mota biyu.

Wajen auna ci gaba, sikeli kaɗai yana yaudara, musamman a wasannin kamu inda tsoka ke ƙaruwa yayin da kitse ke raguwa, har mutum ya yi wata biyu allurar sikeli ba ta motsa ba alhali wandonsa ya yi masa yawa. Awon tela ya fi faɗin gaskiya: a auna ƙugu daidai saitin cibiya sau ɗaya a mako, a nemi ya koma ƙasa da rabin tsawon mutum, wato mai tsawon santimita 170 ya nemi ƙasa da 85. A haɗa da ƙirga bugun zuciya da asuba kafin a tashi daga shimfiɗa, da yawan turmin da ake iya yi a buhu kafin hannu ya sauka daga fuska. Wanda ya fara da turmi biyu ya kai shida, ƙugunsa ya ragu, gwiwarsa kuma ba ta ciwo washegarin horo, ya isa ya gwada tsallen igiya, ya isa kuma ya leƙa ɗakin judo ko na takwando idan can ne zuciyarsa take tun farko.